Mai Jifan Rufina

Litinin, 4 ga Maris, 1957
An gama buga kwano. Ni Audu, da na girma a ƙarƙashin ciyawa, yau ƙarfe ne a bisa kaina. Wahalar reluwe ba ta tafi a banza ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Da hantsi, ƙas! ƙas! a kan rufi, kamar an watsa tsakuwa. Da yamma ma haka. Na leƙa, ba kowa sai maƙwabcina Boniface mai gyaran keke, yana wanke hannu a bayan danga. Nasa rufin har yanzu ciyawa. Na dai lura.

Lahadi, 17 ga Maris
Na kai shi gaban mai unguwa a kan jifan rufina, rabin unguwar Kakuri na saurare. Boniface ya ce, "Baba, ni da nake ɗora maka ruwa a keke? Dutse nawa ka tsinta?" Na ce gangarewa suke yi. Ko ɗaya ban tsinta ba, amma furfura ta fi shi baki.

Asabar, 30 ga Maris
An daina kai masa gyara. Matarsa Nneka ta fara ɗaure kaya.

Laraba, 10 ga Afrilu
Boniface ya haye kogi neman ɗaki tun safe. Rana ta gasa gari, sai ga hadari da iska mai sanyi. Ina tsaye a tsakar gida, idona a kan kwano, ko ɗigo bai sauka ba: ƙas, ƙas, ƙas. Matata Rhoda ta ce, "Malam, hannun yaron nan akwai tsawo. Daga hayi yake jifa."

Ni da na tsufa a layin dogo ina barin rata tsakanin ƙarafa, don ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi! Lebura nawa na zaga a kan wannan ratar? Kwano ne kawai ke ja da ƙusoshinsa. Na san abin a ƙasa, da ya hau sama sai na kira shi hassada.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Ban fita ba. Na ce ciwon ƙafa.

Asabar, 13 ga Afrilu
Na sace iskar tayar kekena, na tura shi ta tsakiyar kasuwa, a hankali, don kowa ya ga inda za ni. Boniface ya latsa tayar ya ce, "Baba, wannan ba faci take so ba." Na ce to ya zo gida ya sha ruwa.

Ya zo, ya zauna. Da rana ta yi sanyi rufin ya fara. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, ya ce, "Ga su nan, Baba."

Na ce na gani.

Rhoda ta wanke mini babbar riga. Wai gobe mai unguwa yana gida.