Gashin da Malam Dou Ya Sa Na Aske

Yaya Meilan,

Ina gaishe ku da kyau. Ya tarin Baba? An girbe shinkafa? Ni lafiya lau nake a gidan ibadar nan na kan dutse, sai dai sanyi yana damun kaina.

Yaya, na yi aski ƙwal irin na masu bin Buddha. Na san gashi amanar iyaye ne, ba a kai masa aska. Malamina Dou ne ya ce koyarwar Buddha da ta Konfushiyas, wadda ta hana mu aski, rijiya ɗaya ce, guga ne biyu. Ya ce, "Fara askewa, ɗana, ina bayanka."

Sai sarki ya aiko masa da muƙami. Malam Dou ya ɗaure gashinsa tsaf, ya nuna ni gaban jakadan sarki, ya ce, "Ga wanda ya wulaƙanta iyayensa." Mutumin da nake dafa wa shayi kullum!

Aiko mini da hula mai kauri. Ki ce wa Baba karatu ne ya riƙe ni. Zan dawo ran da gashina ya isa ɗauri. Gashi ba ya sauri, Yaya. Ki lallaɓa mini Baba ya jira.

Kakanni su tsare ku.

Ƙaninki,
Ziyan