Muryar Babanmu Tana Cikin Kaset Ɗin Dodanni, Yayana Ya Ce In Ƙona Su

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, domin guruf ɗin nan akwai 'yan Makka da yawa, mu kuwa Hausawan Makka kowa ya san kakar kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda zai yi dariya ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don na san da zarar na ce damuwata kaset ɗin finafinan dodanni ce, wasu za su ce baiwar Allahn nan ba ta da aikin yi. Wallahi ina da shi, har ya yi mini yawa.

Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Nakkasa aka yanke cibiyata. Kakanninmu ta Sudan suka biyo suka zo aikin Hajji, ba su koma ba. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, tela ne, lokacin Hajji kuma sai ya rufe shago ya tafi Arfa aikin dafa abinci. Wata shekara da ya dawo daga Arfa, maimakon firij ɗin da Ummanmu ta daɗe tana roƙo, sai ga shi da tsohon bidiyo da kwali cike da kaset, ya sayo a haraj, wato kasuwarmu ta kayan gwanjo. Umma ta yi fushin da har yau ake ba da labarinsa a dangi. Kuma da aka kunna, babu fim ɗin kirki ko ɗaya, duk irin waɗannan ne na araha, wasu mutane su shiga jirgin ruwa su sauka wani tsibiri, sai kada mai girman gida ya fito, kana ganin zaren da ake jan bakinsa da shi. Akwai wani dodon da idan ya juya baya zif ɗin rigarsa ake gani, akwai ƙatuwar ƙaguwa da ke tafiya kamar wani ne ke tura ta a baro. Amma mu a lokacin, wallahi ƙarƙashin zanin Umma muke shigewa don tsoro.

To Baba ko zo in kashe ka ba ya ji da Turanci, amma shi ne mai fassara. Ranar Alhamis bayan la'asar ake fito da talabijin tsakar gida, yara a gaba, mata a gefe, maƙwabta har bisa katanga, shi kuma ya zauna kusa da talabijin da kofin shayinsa yana ƙirƙiro labari daga kansa. Jarumi kullum sunansa Ɗanladi, ko Bature ne ko ɗan Japan. Kadan nan sunansa Mai Gidan Haya, wai shi ma ƙarshen wata yake fitowa. Matar da ke yawan ihu kuwa kullum sunan Umma yake sa mata, zan ce Hajara a nan, ba shi ne sunanta ba. Sai ya ce ga Hajara can ta ga ɓera a kicin, Umma ta wurgo masa mafici, kowa ya fashe da dariya. Daga baya wani abokinsa ya nuna masa bidiyon yana da maɓallin da ake ɗora murya a kan kaset, shi ke nan ya samu sana'a ta biyu wadda ba ta kawo ko sisi. Ya bi kaset ɗin nan ya ɗora muryarsa a kai don maƙwabta su ara su kalla a gidajensu, kuma da yake tela ne, kowane kaset sai da ya ɗinka masa riga da ragowar yadi.

Da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa kowa ya kama gabansa, kaset ɗin da ke hannun maƙwabta suka watse tare da su. Baba bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Ni kuma aurena ya mutu, na dawo wajen Umma a wata 'yar shagga, wato sashen haya a gidan bene, da yayanmu ya kama mana a unguwar Misfala, ɗaki biyu da kicin, shi yana Jidda da iyalinsa. Tun daga nan na shiga neman kaset ɗin nan kamar wadda aka yi wa asiri. Duk inda na ji tsohuwar maƙwabciya ta koma sai na je gaisuwa, a ƙarshen gaisuwar in ce ko akwai kaset ɗin Baba. Wata na tarar ta tokare ƙafar gado da guda biyu. A haraj kuwa daga nesa nake gane su, saboda rigunan yadin nan, na taɓa tsintar ɗaya cikin tarkacen wayoyi sanye da ragowar atamfar sallata ta yarinta, na tsaya a tsakiyar kasuwa ina kuka mai kayan yana kallona. Har waɗanda babu muryarsa a kai nakan saya idan na ga dodon ya yi kama da namu, yanzu kwalayen sun cika ƙarƙashin gadona.

Ga inda matsalar ta fara. Umma ta kamu da ciwon mantuwa. Da farko makulli ne da sunayen jikoki, daga baya ta manta Baba ya rasu. Ta tashi da safe ta ce Malam bai dawo daga masallaci ba? Ni da wautata sai na gaya mata gaskiya, ta yanke jiki ta faɗi, ta yi kuka kamar yanzu aka fito da gawa, ta ce in ɗauko mata kayan takaba. Washegari ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake yin sabon makoki. Na ga dai ni ce nake kashe mata miji kowace safiya, sai na koma cewa ya fita. Amma ta daina cin abinci, wai ba za ta ci ba sai Malam ya ci, ta daina tashi daga katifa, ƙafafunta suka fara kumbura.

Wata rana don kaina na kunna kaset ɗin kada, kewa ce kawai ta dame ni. Muryar Baba na fitowa Umma ta ɗago kai ta ce au ashe yana nan, ta gyara ɗankwali. A tsakiyar fim ɗin akwai inda ya yi tari yana cikin ɗaukar murya, ya manta bai tsayar ba, ya ce "Ke Hajara a ba ni ruwa mana, Mai Gidan Hayan nan ya busar mini da maƙogwaro." 'Yan uwa, matar da ta daɗe ba ta taka ba sai da taimako, ta dafa bango ta miƙe, ta je kicin ta ɗebo ruwa a kofi, ta ajiye a gaban talabijin tana mita wai mutum da girmansa yana ta ihu a kan ƙadangare. Ranar ta cinye abincinta tas. Tun daga nan kullum sai na kunna, ta zauna ta yi ta ba shi amsa, ta kawo ruwa, ta ci abinci, ta sha magani. Ni kuma in faki idonta in zubar da ruwan, ta ga kofi babu komai ta ce ya sha.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma da su nake rayuwa. Ba na iya barinta ko na ɗan lokaci, daga tagarmu ina hango alhazai suna tafiya Harami da ƙafa, mutanen da suka sayar da gona don su zo, ni da nake kusa na manta rabona da ɗawafi. Duniyata ta zama ɗaki biyu da kicin. Idan jirgin Ɗanladi ya tashi zuwa tsibirin nan, ni ma na ɗan fita ke nan.

Makon jiya Yaya ya zo daga Jidda ba tare da ya kira ba, ya shigo daidai lokacin da Umma ke ajiye kofin ruwa a gaban talabijin. Ya kira ni kicin. Ya ce abin da ya gani ya tayar masa da tsikar jiki, ajiye wa mamaci ruwa a gaban hoton dodo, a garin Makka, me ya rage a kira shi tsafi. Ya ce na mai da mahaifiyarmu abin wasa, ina yaudararta da muryar wanda ke kabari. Na ce masa shi da ke zuwa da ledar lemo ya zauna kaɗan ya tafi, bai san yadda ake ba ta cokali ɗaya na abinci ba. Na faɗi maganganu, shi ma ya faɗa, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda muke yi idan rai ya ɓaci. Sai ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ya ce a asibiti, a jinyar ƙarshe, Baba ya riƙe hannunsa ya ce idan an samu kaset ɗin nan a ƙona su, ba ya son ya tsaya gaban Allah ana ci gaba da jin muryarsa yana shirga ƙarya a kan matan Turawa masu guntun kaya. Ya ce da bai faɗa ba ne don ya ɗauka sun ɓace da rusau, bai san ina ta tara su ba.

Ban kasance a ɗakin ba lokacin. Amma Yaya, duk da kaifin bakinsa, ba ya ƙarya, wannan shaida ce da zan ba shi ko a ina. Kuma na tuna a shekarunsa na ƙarshe Baba ya koma mutumin Harami, idan aka tuna masa fassara sai ya ce wautar ƙuruciya ce, Allah Ya yafe mana, ko da yake yana faɗa yana murmushi. To ni murmushin zan bi ko wasiyyar? Tun ranar duk lokacin da na danna kaset cikin bidiyo sai in ce ko wani abu nake ƙara wa Baba a kabarinsa.

Na san wasu za su ce in kwafe a waya. Na yi wannan tunanin, na ɗauki muryar kaɗai babu hoto, na ce ai matan Turawan ne matsalar. Da na kunna mata sai ta ji Baba yana ihu ku gudu ku gudu ga shi nan ya fito, babu dodo a gabanta da za ta san wasa ne, ta firgita ta nufi ƙofa ba takalmi, da ƙyar na riƙe ta a bakin bene. Yaya kuma ya ce kwafewa dabara ce, Baba ba robar kaset ɗin ya ce a ƙona ba, abin da ke ciki yake nufi. Na tambayi malamai biyu ta waya, ɗaya ya ce wasiyyar mahaifi ba abin wasa ba ce, ɗaya ya ce lalurar mai rai tana gaba. Na ajiye waya na fi da rikicewa.

Yanzu Yaya ya ce ranar Juma'a zai zo da mota. Ko in ba shi kwalayen da hannuna, ko ya ɗauki Umma ya mai da ita Jidda wajen matarsa, shaggar ma da sunansa take, ya ce halas, wato magana ta ƙare. Matarsa mutuniyar kirki ce amma Umma ba ta gane ta, duk zuwanta sai ta ce wace ce wannan baƙuwar. In ɓoye wasu in ba shi wasu, na ci amanar mamaci kuma na yi wa yayana ƙarya, ga shi Umma da kanta za ta tona ni, don duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin abin da Malam ya ce yau. In kira dangi su shiga tsakani, su ne za su fara cewa a ƙona, don yawancinsu sun manta su ne ke hawa katanga ranar Alhamis.

Jiya na ce bari in gwada in ga yadda rayuwar za ta kasance, na ce mata bidiyo ya lalace. Ba ta yi rigima ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a gaban talabijin a kashe tun hantsi, abinci ya huce a gabanta. Can bayan la'asar ta dafa bango ta je ta ɗebo ruwa ba wanda ya tambaye ta, ta ajiye a inda ta saba, ta jira. Da ta ga shiru sai ta jawo hannuna, ta rage murya kamar kar ya ji, ta ce, "Babanku bai yi mini magana ba yau. Ko wani laifi na yi masa? Je ki ba shi haƙuri, ke yana jin maganarki."

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar ta ji kukana, da na fito na kunna mata kaset ɗin kadan nan, Allah Ya yafe mini.

'Yan uwa Juma'a ta kusa. Wanda ya san addini ya gaya mini tsakani da Allah, wasiyyar uba da ya rasu ko kwanciyar hankalin uwa da ke raye, wanne zan ɗauka? Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon mantuwa ya gaya mini ko akwai wata hanyar da ban gani ba. Kuma masu cewa a ƙona, ban ƙi taku ba, wataƙila ku ne da gaskiya, amma don Allah kar ku tsaya a nan, ku haɗa mini da amsar da zan ba ta ranar Asabar da safe idan ta ɗebo ruwan ta tambaye ni laifin da ta yi masa.