Aron Hanci a Ɗakin Ɓeraye

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. Ni dai barci ya ƙaurace mini. Masu ba mu izinin bincike da dabbobi za su duba mu ranar Laraba, amma ba da ƙafarsu za su zo ba. Ta bidiyo za a yi, kuma ni aka ɗora wa riƙe waya in zaga da su ɗaki-ɗaki.

An yi fenti, an wanke keji, har kwandon shara sabo aka saya. Sai dai injin zuƙe iska na ɗakin ɓeraye ya daɗe da mutuwa. Zarnin fitsari kuwa, kina shiga idonki zai kawo ruwa. Ɓerayen sai atishawa suke, abin tausayi. Na yi wa Shugaban wurin aikinmu magana, ya ce kayan gyara suna hanya, ya kuma yi dariya: "Waya tana da hanci ne?"

Idan muka faɗi, aikina ya tafi. Tsoro nake ji, Yaya.

Taki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Ikon Allah! Mu nan tarko muke ɗana musu, ke can jinyarsu kike yi. Ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Nuna abin da aka ce ki nuna, ki ja bakinki ki yi shiru. Su da suka zaɓi duba ta waya, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ki tuna zaman gidan da kika sha kafin ki sami aikin nan.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa, an yi. Mai dubawar wata dattijuwa ce mai sanyin murya. Komai ya tafi sumul har muka shiga ɗakin nan. Na danne tari, na danne, ya ƙwace. Shugaba yana tsaye bayan wayar inda ba ta ganinsa, ya zuba mini ido.

Sai ta ce, "'Yata, ni ina nesa. Ara mini hancinki. Me kike ji?"

Wallahi na tuna maganarki. Amma hannuna yana kan keji, ɗaya daga cikin ɓerayen yana numfashi da ƙyar. Na ara mata.

An dakatar da izinin sai an gyara injin. Masu gyara sun zo washegari, ashe hanyar ba ta da nisa. Ni kuma an ce in miƙa makulli.

Ki yafe mini.
Auta

Auta,

Taurin kanki na Baba ne, ba inda kika bar shi. Na yi faɗa ni kaɗai har na gaji. Na share ɗakin yara, na sa miki katifa. Taho.

Yayarki