Tukunyarki ta ruwan tsami

Zuwa ga Talatu, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka bari ga wadda ta riga shi tafiya, da fatan makwancinki na da sanyi da yalwa. Mu nan Dangora lafiya lau. An cire masara, dawa ta kusa, ni kuma ina nan ina koyar da kemistiri a sakandaren da kika bar ni.

Maganar tukunyarki ta ruwan tsami ce ta sa na ɗauki biro. Baƙar nan mai gutsurarren baki da ke bayan murhu, wadda kika taho da ita daga Ba'awa ranar da aka kawo ki. In kin wanke surfe sai ki juye ƙasarin a ciki, washegari ki ɗiba ki yi tuwo ko ki dama kunu. Sabulu bai taɓa shigarta ba, kuma ba ki taɓa bari ta ƙare ƙaf ba. "A bar min sauran, Malam," kike cewa, "da shi sabon zai kama."

Matan da suka zo zaman makokinki sun wanke komai a gidan nan, har abin da ba ya son wanki. Ina zaure na hango ana ɗaga tukunyar. Ban san lokacin da na tsallake mutane na karɓe ta ba. Har yau akwai masu cewa Malam ya ɗan zautu a ranar, ban kuma musa musu ba.

Tun daga nan nake roƙon ƙasari a gidan Iya Hanne maƙwabciyarmu, in zo in zuba. Ba na girki, kin sani, ruwan zafi ma sai na yi da gaske. Zubawa kawai nake, babu mai ɗiba.

Kin tuna yammacin da nake shirya darasi a tsakar gida, kina gyaran yakuwa? Na ce miki tsamin nono, da na tsamiya, da na lemon tsami, har da zafin cizon cinnaka, duk asid ne 'yan dangi ɗaya. Sunan gidansu kaboksilik, kowannensu na ɗauke da gungu iri ɗaya a jikinsa: kabon ɗaya, oksijin biyu, haidurojin ɗaya. Kika dube ni kika ce, "To Malam, duk zaman da ka yi a Zariya tsami ka je karantowa?" Da kika jiƙa kanwa kika zuba a miyar ta taso da kumfa, na fara bayanin yadda kanwa ke kashe asid iska ta fita. Kika ce in matsa, ina tare miki haske.

Makon jiya darasin ya sake zagayowa. Na buɗe kwalbar asetik, wani ɗan dangin nan da ke cikin ruwan kal, don ɗalibai su ji warinsa daga nesa. Ya daki hancina, na yi tsaye da murfin a hannu. Warin gidanmu ne, Talatu. Warin bayan murhunki ne yanzu.

Da kina nan tukunyar ba ta wannan warin. Tsaminta mai laushi ne irin na nono, sai an sa a baki ake jin sa. Shi asetik sai ruwa ya daɗe a ajiye, iska tana shigarsa, ƙananan halittun ciki suna ta aiki babu mai katse su, sannan yake taruwa ya tashi sama. Warin tukunyar da ba a ɗiba ne. Na san haka, ni nake koyar da shi, amma sai da na ji shi a cikin aji sannan na yarda.

Na ci gaba da darasin. Na ce musu asetik asid ne mai rauni, ba don ba ya aiki ba, sai don in ya shiga ruwa kaɗan ne daga cikinsa ke sakin haidurojin ɗinsa, sauran su riƙe nasu. Na juya na rubuta hakan a allo.

'Yarmu Sadiya ta zo daga Tudun Wada kwanaki, ta leƙa tukunyar ta toshe hanci. Ta ce in ba ta ita, gidansu ana tuƙa tuwo kullum. Na hana. Na ce ita kaɗai ce abin da ya rage a gidan nan mai motsi da kansa. Ta tafi tana share ido, ban kira ta ba.

Jiya Asabar na tsiyaye ruwan da ke saman tukunyar, na bar sauran a ƙasa yadda kike yi. Na naɗe tukunyar da tsohon zaninki, na ɗaure ta a bayan babur, na yi tafiyar a hankali har Tudun Wada. Sadiya ta karɓa. Ta zuba sabon ƙasari a gabana, ta rufe da faifai, ta ce jibi jikokinki za su sha kunu.

Na dawo da la'asar. Bayan murhu sai zagayen da gindin tukunyar ya bari a ƙasa. Na durƙusa na shinshina wurin, babu komai. Ina kewarki, Talatu, kewar da ban iya faɗa miki kina raye ba. Gidan ya yi tsit da yawa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga abin da ba ya tsami ba ya lalacewa. Ya sa in tawa ta zo in cika da imani, Ya haɗa mu inda babu rabuwa.

Mijinki,
Malam