Feshin Gashin Yaya Halima

Daren Laraba, unguwar Alsawra

Yau ina sharar ɗakin Yaya Halima na tsinci gwangwanin feshin da take gyara gashin amare da shi. Na tuna ranar da na fesa wa gemun Kawu yana barcin rana, ya farka gemu ya sandare kamar tsintsiya.

Ran nan Yaya Halima tana murɗe min kunne tana dariya, ta yi min bayanin feshin: "Ya walad, kai yaro, gas ne ke turo shi, sipirit ya bushe, ya bar abu mai danƙo kamar ƙaro. Turaren don ɓoye warin ne."

Tun da yaƙi ya kora ta Masar ban ga fuskarta ba. Yau na danna kan gwangwanin sau ɗaya, ɗakin ya cika da ƙamshinta. Da na girgiza, saura kaɗan. Ina so in ƙara, amma in ya ƙare fa? Na mayar da murfin.