Takardar Da Ke Cikin Walat Ɗinsa

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ciwon gwiwar? Mu muna nan muna ta haƙuri.

Saƙonka ya iso, wai raini ne ya sa na mayar maka da magani. Yaya, ni ce zan raina ka? Yau kwana goma sha biyu goshina da kumatuna kamar an ɗora dutse. In na sunkuya ɗaukar buta sai in ji idona zai zazzago. Ga majina koriya mai wari, ga zazzaɓin da ya tafi ya dawo. Masu zuwa ta'aziyyar Baban yara suna cewa kuka ne ya toshe mini hanci. To kuka yana wari ne?

Amma kafson da ka aiko direbanka da shi, na gane kwalinsa. Shekarar haihuwata ta fari ƙwaya ɗaya na sha, leɓena ya kumbura, numfashi ya gagara. Kana bakin gadon asibitin riƙe da takalmana. Sunan maganin ban riƙe ba, Baban yara ne mai riƙewa. Anti ta ce shi ta sha ta warke, ni ce dai mai jikin 'yan gayu. A ce mata na gode.

Da yana raye, ko ledar ba ta shigo gidan nan ba.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka ce kwali yana kama da kwali, in sha rabi in gwada. Da raina za a yi gwajin? Marayu uku wa zan bar wa?

Jiya na shirya zuwa asibiti. Neman katina ya sa na buɗe walat ɗin Baban yara, karon farko tun rasuwarsa. Bayan hotona na ga takarda a ninke, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: “Matata ba ta shan fenisilin da danginsa, har amoksilin. Yana iya kashe ta.”

Likita ta karanta ta ce amoksilin ne ake fara ba masu irin ciwona, amma ni ko kusa. Ta rubuta mini doksisaikilin na kwana bakwai, in sha da ruwa mai yawa, kada in kwanta nan take, kuma in shanye ko na ji sauƙi. Yanzu ka juya kwalin naka ka karanta.

Yaya, takardar sabuwa ce, kwanan watan bana ne a jiki. Ashe in ta tsufa sake rubutawa yake yi. Shekara goma sha tara ke nan, bai taɓa gaya mini ba.

Na kwafa maka ita a bayan wasiƙar nan. Nono ɗaya muka sha, kuma yanzu kai ka rage mini. Ka sa ta a aljihu.

Ƙanwarka da ba ta raina ka ba,
Auta