Laburaren Baba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya idon? Mama, tunda ke ce mai karanta masa, ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Baba, akwai magana a wurin aikinmu na rarraba ruwa. Sabuwar manhajar da muke haɗawa da yaren kwamfuta na Python ta kusa kammaluwa, sai Oga ya ce a watsar da laburaren da ka rubuta da yaren C, wato guntun manhajar nan da ke lissafa lokacin kunna injin kowane tanki. Wai ya tsufa, a sayo na kanti. Wallahi sai da kunnena ya yi zafi! Ni da na tashi ina ganin kana cin abinci a tsaye saboda wannan aikin? Na ce masa ba sai an sake rubutawa ba, zan gina 'yar gada tsakanin yarukan biyu, tamu ta miƙa wa naka tambaya, naka ya miƙo amsa. Ya leƙo ni ta saman gilashinsa, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ya yi aiki, ya zauna, in ya ƙi, shi ke nan.

Tsohon teburinka na jikin taga aka ba ni. Har yanzu durowar ƙasa sai an sa mata ƙafa take buɗewa.

Taka har kullum,
Auta

Baba na kaina,

Ina fatan kun wuni lafiya, kai da Mama. Na ga amsarka da rubutun hannunta, har da inda ta ƙara nata cewa na rame, alhali rabonta da ni tun bara.

Albishirinka! Gada ta tsaya. Da farko shirme yake dawo mini da shi, ashe ni ce nake aika masa lamba a girman da bai saba karɓa ba. Laburarenka halinka ya ɗauko sak: in ba a miƙa masa abu yadda yake so ba, ba zai yi faɗa ba, zai dai bar mutum da kunyarsa. Da na gyara, amsarsa ta fito daidai da ta tsohuwar na'ura, tanki bayan tanki. Na yi ihu har mai shara ta yar da tsintsiya.

Ɗan abin da ya rage ba komai ba ne. Na sa gadar tana kashe shi ta sake tayarwa lokaci-lokaci, don ya huta. Ban taɓa maka ko harafi ɗaya ba. Ka sha maganinka, ka daina yi wa Mama wayo.

'Yarka mai kewarka,
Auta

Ranka ya daɗe, Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, to, ka kama ni. Shafi biyu ka sa Mama ta rubuta a kan kalma ɗaya, wai tun yaushe manhaja take gajiya da har za ta huta.

Ga gaskiyar. Duk lokacin da aka kira laburarenka yana aron ɗan wuri a ma'ajiyar kwamfuta, kuma akwai wani lungu da ba ya mayar da abin da ya ara. A zamaninku kuna kashe na'ura in an tashi aiki, sai komai ya goge, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani. Tamu kuwa ba a kashe ta, sai ya yi ta ci har ta cika ta faɗi. Na gano wurin tun satin farko. Kunya ce ta hana ni faɗa, Baba. Ta yaya zan buɗe baki in ce aikinka da gyara? Kuma na ji tsoron in Oga ya sani, zai samu dalilin da yake nema.

Amma ka yi gaskiya, wata rana sake tayarwar za ta faɗo daidai lokacin cika tanki, unguwa guda ta wuni ba ruwa saboda ina rufa maka asiri. Na bi umarninka. Na je na gaya wa Oga komai, na buɗe fayil ɗinka a gabansa. Layi ɗaya kawai ya rasa. Na rubuta shi a hankali, kamar mai yi maka aski.

Mun bar shi yana gudu sati guda, ma'ajiya ko motsi. Oga ya sa hannu jiya, laburarenka ya zauna. Har tambaya ya yi ko kana karɓar baƙi.

Sauran umarninka, wato in sa sunana, shi ya fi ba ni wuya. Na daɗe ina kallon sunanka a saman fayil ɗin, shi kaɗai tun kafin in iya karatu. Na rubuta nawa a ƙarƙashinsa, sannan na shiga banɗaki na sha kukana. Mama, kar ki yi mini dariya.

Yanzu in ya sake faɗuwa, Baba, mu biyu za a kira.

Abokiyar aikinka,
Auta